ƊIGON RUWA A GABAN NA'URAR HOTO

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga wata tambaya. Wa ya taɓa ganin ɗigon ruwan sama da idonsa, lokacin da yake faɗowa? Kowa zai ce ya gani. To, in ka gani, ɗauki alli ka zana mana shi.

Haka na yi wa ɗalibaina a cibiyarmu ta karatun manya, ran da muka zo kan harafin ɗ. Mutum 19 ne a zaune. Kowa ya zana abu guda: ƙasa mai kumburi, sama mai tsini, kamar ɗan tulu mai wutsiya. Ni ma haka nake zana shi tun ina lakwal. Ashe dukanmu ba mu taɓa ganinsa ba. Zanen littattafai muke kwaikwayo. Ido ba ya iya kama ɗigo, don ya fi ido sauri. Kafin ka ƙifta, ya faɗi, ya fashe, ya ɓace.

Amma akwai waɗanda suka kama shi. Da na'urar ɗaukar hoto suka kama shi. Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne, mutum da gemunsa ya zauna yana ɗaukar hoton ɗigo. Ku dai bi ni a hankali. Ƙarshen zancen a gonarku zai sauka.

Mutumin da idonsa ya ruɗe shi

A ƙasar Ingila an yi wani malamin kimiyya, sunansa Arthur Worthington. An haife shi a 1852, ya rasu a 1916. Tun yana saurayi ya sa kansa binciken abin da ke faruwa in ɗigo ya faɗi. Dabarar da ya yi, dabarar walƙiya ce. Kun san in ana hadari da dare, duhu ya rufe ko'ina, sai walƙiya ta haska. Cikin wannan ɗan haske kana ganin akuya ta ɗaga ƙafa, kamar an dasa ta wuri guda. Ba tsayawa ta yi ba. Hasken ne ya gajarta, har bai ba ta lokacin motsi ba.

Shi ma sai ya rufe ɗaki ya yi duhu ƙirin. Ya shirya wata ƴar na'ura mai sakin abu biyu lokaci guda: ɗigo ɗaya, da ƙwallon ƙarfe ɗaya. Ɗigon ya nufi faranti. Ƙwallon kuma ya nufi tsakanin wayoyi biyu na lantarki. Da ya gifta tsakaninsu sai tartsatsin wuta ya tashi, ɗaki ya haska, ya koma duhu. In yana son ganin farkon fashewar, sai ya rage nisan da ƙwallon zai faɗo. In yana son ganin ƙarshenta, sai ya ƙara nisan. Da haka ya bi al'amarin daki-daki, ɗigo bayan ɗigo.

Da farko ba shi da hoto. Abin da ya gani cikin hasken nan shi yake zanawa da hannu. Ya yi kusan shekara 20 yana zane. Zanensa kuwa kyawawa ne. Ko wane fantsami ya fito daidai wa daida, dama kamar hagu, kamar adon da gwanar mace ta yi a bayan ƙwarya.

A 1894 ya samu ya ɗauki hoton farko. Da aka wanke hoton sai gabansa ya faɗi. Fantsamin ba daidai yake ba. Nan tsawo, can gajarta, wani gefe a karkace, wani a yage. Ya sake, ya sake. Babu ko ɗaya da ya yi kyaun zanensa. Ya koma ya duba tsofaffin takardunsa, sai ya tarar tun da can yana ganin karkatattun, amma yana ajiye su gefe, yana cewa kuskure ne. Zuciyarsa ce take gyara masa abin da idonsa ya gani.

Abin da ya burge ni da mutumin nan, bai ɓoye ba. Ya tsaya gaban taron masana a birnin Landan ya faɗi yadda abin ya kasance. A 1908 ya buga littafi guda kan fantsamin ɗigo, cike da hotuna.

To, mi hotunan suka nuna?

In ɗigo ya faɗa cikin ruwa mai ɗan zurfi, farko sai ya huda rami a fuskar ruwan. Bakin ramin ya tashi sama kewaye, kamar bakin kwando. A bisa bakin nan sai ƴan ƙahoni su fito, ko wane ƙaho ya harba ɗan ƙaramin ɗigo. Daga nan kwandon ya rushe, ramin ya rufe, sai wani dogon ginshiƙin ruwa ya miƙe daga tsakiya kamar taɓarya a tsaye. Da ya ɗiga madara cikin ruwa don ya bambance su, sai ya ga madarar a bisa kan ginshiƙin. Wato ruwan ya karɓi ɗigon, ya kuma ɗago shi sama.

In ɗigon babba ne kuma ya zo da ƙarfi, bakin kwandon yakan haɗe ta sama ya rufe iska a ciki. Shi ne kumfar nan mai kamar ƙoƙo a kife da kuke gani tana yawo bisa ruwan tsakar gida in ana ruwa mai ƙarfi. Yara suna bin ta suna fasawa.

Bayan Worthington sai wani mutumin Amurka, Harold Edgerton, malami a wata babbar makarantar fasaha da ake kira MIT. A wajen 1931 ya gyara wata fitilar lantarki mai walƙiya, wadda ake iya maimaita haskenta sau da yawa cikin sakan guda. Irin hasken nan da ke ƙyallawa a kan na'urar masu hoto in ana ɗaukar hoto da dare, jikan fitilarsa ne. Shi ma ɗigon madara ya kama masa zuciya. Ya ɗauki hotonsa a 1936, bai gamsu ba. Ya yi ta sakewa shekara da shekaru. A 1957 ya samu wanda duniya ta sani: ɗigon madara fari fat bisa jan faranti, ya tashi kamar hular sarautar Turawa, da ƴan ƙwallaye a kan ko wane tsini. A raba sakan ɗaya gida 10.000, a ɗauki gida guda, wannan ne tsawon lokacin da aka kama a hoton. A 1964 har harsashi ya ɗauka yana ratsa ɗan itace. Ya rasu a 1990.

Hotuna irin waɗannan su suka ƙaryata zanenmu na allo. Ɗigon ruwan sama ba shi da wutsiya. Ƙanana, waɗanda ba su kai milimetir 2 ba, a dunƙule suke kamar ƙwayar hatsi. Manya kuwa iska tana tokare su daga ƙasa, sai gindinsu ya baje, bayansu ya yi tudu, kamar waina a tanda. In ɗigo ya wuce milimetir 5 ko 6 ba ya daɗewa, iska ta fasa shi. Wutsiyar da muke zanawa, a bakin indararo ko bakin buta kaɗai ake samunta, lokacin da ɗigon ke rataye yana shirin tsinkewa. Wuyansa ya yi ta sirancewa har ya yanke. Sau da yawa wani ɗan mitsitsin ɗigo yana biye da babban, kamar ɗan raƙumi bayan uwarsa.

Inda zancen ya shafi gona

Masana aikin gona na Amurka sun ga irin hotunan nan, sai suka ce: to, in ɗigon ya faɗi bisa ƙasar gona fa? A da, kowa yana tsammanin ruwa mai gudu shi kaɗai ke cin gona. A 1944 wani mai bincike, W. D. Ellison, ya nuna cewa ɓarnar tun daga dukan ɗigo take farawa. Hotunan da aka ɗauka sun nuna ɗigo yana faɗawa bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya huda ɗan rami, kwandon nan ya tashi, amma wannan karon ba ruwa zalla ba ne, taɓo ne. Ƙasar da ya watsar tana iya tashi santimetir 60 sama, ta faɗi nesa da metir ɗaya da rabi.

Ku yi lissafi tare da ni. Babban ɗigo yana isowa ƙasa da gudun metir 9 cikin sakan guda. Wajen kilometir 30 ke nan a awa, ya fi mai keke sauri. Ruwan da gwangwanin awon ruwa ya nuna milimetir 30, irin wanda muke cewa ruwan shuka ya samu, litir 300.000 ne a bisa ekta ɗaya. Tano 1.500 ke nan, irin mai cin litir 200. Duk wannan nauyi daga sama yake faɗowa, wani lokaci cikin awa ɗaya. Ga shi kuwa ruwan ƙasarmu ba mai lallashi ba ne. Da iska yake zuwa, da manyan ɗigo. Kuma ruwan farko yana tarar da gona tsirara: an kwashe kara, dabbobi sun cinye saura, an yi sassabe, an ƙone.

Ɗigon nan aiki biyu yake yi. Yana farfasa ƴan dunƙulen ƙasa, ya raba laushi da tsakuwa. Laushin, wato abincin shuka, shi ruwa ke ɗauka ya tafi da shi ƙorama. Shi ya sa ruwan gulbi ke yin ja in damana ta faɗi. Gonar wani ce take wucewa. Aiki na biyu ya fi muni. Laushin da ya rage, ɗigo yana daddaɓe shi cikin ƴan ƙofofin ƙasa, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Rana ta fito, wurin ya bushe, ya yi ɓawo. Ɓawon bai fi kaurin farce ba, amma ya isa. Ruwa na gaba in ya zo ba ya shiga, sai ya malale. Tsiro kuma ya yi ta fama kafin ya huda. Ka tona bayan ruwa mai yawa, ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi. Shekara ta bi shekara, wurin ya koma fako.

Ba sai da na'ura za ku ga shaida ba. Ku dubi gindin katangarku bayan ruwa. Wa ya watsa mata taɓo har gwiwa? Ku dubi ganyen wake na ƙasa-ƙasa, duk yashi a bayansa. Ku kuma duba wurin da ke da ƴan tsakuwa: ko wane dutse yana zaune bisa ɗan tudunsa, kamar an ɗora shi. Dutsen ya kare ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ta kewaye ta tafi.

Wani gwaji da aka yi a Afirka ya fi kowanne gamsar da ni. A ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, cikin shekarun 1950, wani mai bincike, Norman Hudson, ya ware fili biyu kusa da juna. Ƙasa iri ɗaya, gangare iri ɗaya, duka ba ciyawa ko ɗaya. Ɗaya ya bar shi a buɗe. Ɗayan ya shimfiɗa masa ragar waya mai ƙananan ido, irin ta tare sauro, a ɗan sama da ƙasa. Ragar ba ta hana ruwa wucewa. Ruwan da ya zuba nan shi ya zuba can. Abin da ta yi kawai, ta karya ƙarfin ɗigo, ya sauka a hankali. Da aka yi shekara 10 ana awo, ƙasar da ta zaizaye daga buɗaɗɗen filin ta ninka ta mai raga fiye da sau 100.

Mun gwada da kanmu

Da na ba ɗalibai wannan labari, wani dattijo cikinsu ya ce: "Malam, mu dai ji muke yi. Turawa sun gani, mu ba mu gani ba." Na ce: "Gaskiyarka, Baba. Ran kasuwa in an tashi, mu gwada."

Wani saurayi ya kawo salularsa mai ɗaukar hoto. Na huda gindin gwangwani da ƙusa, na rataye shi a reshen bedi, na ajiye kwano a ƙasa. Na yi ta latsawa. Abin kunya, hoto wajen 60 na ɗauka, babu ɗigo ko ɗaya a ciki. Kwano ne kawai, da ƙafar wani. Ɗalibai suka yi ta dariya. Yatsana ya fi ɗigo nawa, kuma inuwar itacen ta rage haske.

Mako na biyu muka gyara. Ga abin da muka koya, ko wani zai so ya gwada. A yi aikin cikin rana tsaka, don in haske ya yi yawa na'urar tana buɗe idonta ta rufe da sauri. A rataya baƙin zane a baya. A sa ƴar madara cikin ruwan don ya fito fari. Hudar gwangwanin ta zama ƴar ƙarama, a cusa mata zare, ɗigo ya riƙa sauka ɗaya-ɗaya wuri guda. Kada a riƙe salula a hannu, a jingina ta bisa turmi a kife, kusa da kwanon, amma inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Kuma a bar hoto, a ɗauki bidiyo. Saluloli da yawa suna da wurin ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, hoto 120 ko 240 cikin sakan guda. Sinima hoto 24 kawai take nunawa a sakan. Daga baya sai a bi bidiyon da yatsa, a tsaya inda ake so.

Hotonmu bai kai na Edgerton ba, ko kusa. Dishi-dishi ne. Amma kwandon ya fito, da ƙahoninsa. Ginshiƙin ma ya fito. Wata tsohuwa ta karɓi salular ta duba, ta duba, ta ce: "Ikon Allah! Shekarata nawa ina tatsar saniya, ashe haka madara ke yi cikin ƙwarya."

Sai muka koma kan ƙasa. Muka cika tasa biyu da ƙasar gona. Ɗaya muka bar ta haka. Ɗaya muka rufe ta da gutsattsarin kara da ganyen sabara. Muka kafa farar takarda a gefen ko wace. Saurayin ya hau bisa soro da gwangwani mai huda da yawa, ya zuba wa ko wace ruwa daidai. Ku sani, ɗigon da ya faɗo daga soro bai kai ƙarfin na sama ba, don sai ya yi tafiyar metir 10 ko fi kafin gudunsa ya cika. Duk da haka takardar tasa ta farko ta yi dabbare-dabbare da taɓo, ruwa ya kwanta a bisa. Takarda ta biyu ƴan ɗigon ruwa ne kawai a jikinta, ruwan kuwa ya shige ƙasa. Kwana biyu bayan nan muka taɓa su. Ta farko ta yi ɓawo, ana ɓamɓare shi da farce. Ta biyu da sauran danshi.

Wanda ba shi da salula ma yana da dabara. Wani manomi ne na Amurka, Wilson Bentley, ya fito da ita, ya bayyana ta a 1904. A zuba gari mai laushi a faifai, a miƙa shi cikin ruwan sama na ɗan lokaci kaɗan, a janye. Ko wane ɗigo zai dunƙule gari daidai girmansa. In ya bushe a tankaɗe. Za ku ga na yayyafi kamar ƙwayar lalo, na farkon hadari kamar wake. Tafin hannu ɗaya na gari ya isa, kada uwargida ta yi fushi.

Gardamar kara

Maganin da ragar Hudson ta nuna ba baƙo ba ne gare mu. Duk abin da zai tsaya tsakanin ɗigo da ƙasa raga ne: kara, ciyawa, buntu, taki, rassan sabara da kalgo da aka sare. Manoman da ke shimfiɗa kara bisa fako sun san gara tana zuwa ta ci, ta huda ɓawon, ruwa ya samu ƙofa. Iska kuma ta tara yashi da iri a wurin. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun shekarun 1980, shi ma yana taimakawa, don kututturen da aka bari ya tofo yana zubar da ganye yana kuma tare iska. Sai dai a lura, dogon itace shi kaɗai ba ya isa. Ruwan da ya taru a ganye yana zubowa da manyan ɗigo, in ƙarƙashin itacen a share yake sai ya ci ƙasa. Ganyen da ya zuba shi ne kariyar. Inda fako ya riga ya kafu kuwa, sai an fasa shi da hannu. Tassa da rabin wata, irin waɗanda mutanen jihar Tawa suka farfaɗo da dubban gonaki da su, aikinsu ke nan.

Amma faɗi ya fi yi sauƙi. Nan gardama ta tashi a cibiya. Wani makiyayi cikin ɗalibai ya ce: "Malam, in kowa ya bar kara ya ruɓe a gona, shanu su ci mi da bazara?" Wata mata ta ce: "Mu kuma mu dafa tuwo da mi?" Wani ya ce darni fa, da rufin rumbu? Wani ya ce damin kara kuɗi ne in rani ya yi nisa. Duka gaskiya suka faɗa, ban kuwa da amsar da za ta ishi kowa. A ganina dai, ba a ce a rufe gona duka ba. Wurin da ya fara ƙyalli, inda ruwa ke malalewa, shi ya fi bukata. Kuma saniyar da ta kwana a gona ta ci kara, ta bar kashi, ba ta tafi da komi ba. Wanda ya tafi da abu shi ne amalanken da ya kwashe kara ƙaf ya kai kasuwa.

Dattijon nan da ya ce su ji kawai suke yi, shi ya rufe taron. Ya ce yana da wani fako a gabashin gonarsa, taki 20 ne tsawonsa, shekara 6 bai ba shi ko zangarniya ba. Bana zai raba shi biyu. Rabi ya rufe da kara da rassan sabara tun kafin ruwan farko, rabi ya bar shi yadda yake. Makiyayin ya ce zai ba shi kwando 5 na kashin shanu, in ya yarda dabbobinsa su shiga sauran gonar bayan girbi. Suka yi musafaha a gabanmu. Saurayin mai salula kuma an ɗora masa ɗaukar hoton wurin sau uku: ran shuka, ran noman farko, da ran da hatsi ya fid da kai.